Kai Amya Inda Fure Yake: Lacca Kan Ƙaurar da Ƙudan Zuma Don Neman Abinci

 



Duk wanda ya taɓa zama da masu kiwon zuma ya san kukan da suka fi yawan yi: "Zumata ta tashi." Mutum ya saƙa amya, ya shafe ta, ya turara, ya hau bishiya ya ɗaura. Ƙuda ya shiga, ya yi saƙa, aka fara lissafin ranar sha. Sai wata rana a je a tarar da amya wayam. Wani ya ce hannun maƙiyi ne, wani ya ce cinnaka ce, wani ya ɗora wa wutar daji. Cinnaka da wuta suna korar zuma, babu musu. Amma abin da ya fi korar ta a ƙasarmu shi ne yunwa. Maganata a yau guda ce: in fure ya ƙare a inda amyarka take, ƙaura ta zama dole. Ko dai kai ka ɗauki amyar ka kai ta inda abinci yake, ko ƙudan ya tafi da kansa ya bar maka kwando.

Bari mu fara da cikin ƙudan, domin ba a gane wannan magana sai an san abin da yake ci. Abincinsa uku ne. Akwai ruwan fure, wanda shi yake dafewa ya zama zuma, shi ne kuma ƙarfin tashi da aiki. Akwai garin fure, wannan ƙura mai launin rawaya da kuke gani manne a ƙafafunsa na baya in ya dawo kiwo. Da shi ake renon 'ya'ya, in babu shi sarauniya takan rage ƙwai ko ta daina. Sai ruwan sha, wanda ban da kashe ƙishi da shi suke sanyaya amya, saboda 'ya'yan da ke cikin saƙa suna buƙatar ɗumi kusan digiri 35, ba sama sosai ba, ba ƙasa sosai ba. Wani masani a Jami'ar Konel ta Amurka, Thomas Seeley, ya ƙiyasta cewa gida ɗaya na ƙudan zuma a can ƙasarsu yana kwaso ruwan fure kusan kilo 120 a shekara, da garin fure kilo 20, da ruwa lita 25. Mafi yawan wannan a cikinsu yake ƙarewa. Abin da kai mai amya kake sha rara ce kawai, abin da ya saura bayan gida ya ƙoshi. Idan daji bai wuce ciyar da su ba, ko amyar zinariya ka kawo ba za ka ga zuma ba.

Kuma duk wannan kaya a fiffike ake ɗauko shi. Ƙudan zuma yana iya yin kilomita goma neman fure in ya matsu, amma kiwon da ke da riba shi ne wanda bai wuce kilomita biyu zuwa uku daga amya ba, irin namu na Afirka ma ya fi son kusa da haka. Dalili a fili yake: mai yin nisa yana ƙona wani kaso na abin da ya ɗauko a hanya. Karl von Frisch, masanin ƙasar Ostiriya da ya sami kyautar Nobel a 1973, ya nuna cewa ƙudan da ya gano fure yakan dawo ya yi wata rawa a kan saƙa wadda ke gaya wa 'yan'uwansa nahiyar da furen yake da kuma nisansa. Ba a banza Allah Ya saukar da sura guda da sunan wannan halitta ba. Sun iya nema, sun iya ba juna labari. Abin da ba su iya ba shi ne ɗaukar gidansu da ajiyarsu su kai kusa da abincin.

Nan ne halin ƙudanmu ya bambanta da na Turai. Na Turai ya taso a ƙasar da sanyi ke rufe komai wata da watanni, babu inda zai gudu, saboda haka ya saba tara ajiya ya zauna a kanta. Namu ya taso a ƙasar da in fure ya ƙare a nan, akwai shi a wani kwari ko wata fadama can gaba. Da ya ji yunwa ta yi tsanani sai sarauniya ta tsayar da ƙwai, su jira 'ya'yan da suka rage su fito, su shanye ɗan abin da ya saura, su tashi. Wannan ba rashin amana ba ne, dabarar rayuwa ce. Bafulatani bai taɓa zama ya zuba wa garkensa ido ciyawa ta ƙare ba, yakan bi ruwa da ciyawa kudu da arewa gwargwadon lokaci. Mu ma garke muke kiwo, sai dai namu mai fiffike ne, kuma makiyayarsa a saman itatuwa take.

To yaushe wannan makiyaya take cika, yaushe take bushewa? A ganina wannan tambaya ita ce rabin sana'ar, kuma ita muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutane da yawa suna zaton damina ce lokacin wadatar zuma tunda ko'ina kore ne. Ganye ba fure ba ne. A tsakiyar damina, lokacin marka, ruwa yana hana ƙuda fita, yana wanke ruwan fure, kuma manyan itatuwa ba sa fure. Gero da dawa da masara suna ba da garin fure, amma ba su da ruwan da ake zuma da shi. A wurare da yawa watan Yuli da Agusta su ne watannin yunwa.

Da ruwa ya fara ja baya sai abubuwa su sauya. Riɗi da auduga da wake da kabewa da ciyayin daji suna fure. Kurna da magarya suna biyo baya wajen kaka. Sai gawo, wanda Allah Ya yi wa hali na daban: yana kakkaɓe ganye da damina, ya yi sabon ganye da fure bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da wasu itatuwan ke shirin bushewa. Da hunturu ya kankama sai mangwaro da kashu da gurjiya da rimi su karɓa. Daga nan zuwa bazara ne babbar kakar zuma take a ƙasashen da ke da ɗorawa da kaɗanya da maje, wato kamar kudancin Katsina da Kaduna da Neja da Bauchi. Darbejiya kuwa, wadda ta cika garuruwanmu, da shigowar zafi take fure. Lokutan nan suna gaba da baya da makonni tsakanin kudu da arewa, har ma tsakanin tudu da fadama a ƙaramar hukuma ɗaya. Wannan saɓanin lokaci shi ne arzikin mai ƙaura. Mutumin da amyoyinsa ke tsakiyar gonakin riɗi a Jigawa zai ga ƙuda na ta hidima a Satumba, amma da an yanke riɗi filin ya zama fako. Kilomita goma ko ashirin daga nan, wataƙila akwai lambun mangwaro ko jerin gawo da babu amya ko ɗaya a cikinsu.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. Marubucin Rumawa Filini Babba, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya ba da labarin wani gari a bakin Kogin Po a Italiya inda mutane ke loda amyoyi a jiragen ruwa, su gusa da su da dare zuwa sabon wuri, ƙuda ya fita kiwo da safe ya dawo jirgi, har sai sun ga jirgin ya nutsa saboda nauyin zuma sannan su juyo gida. Matafiyan ƙarni na 18 sun ga irin wannan a Kogin Nilu, inda Misirawa ke fara kiwo daga kudu, inda fure ke riga buɗewa, su gangaro arewa a hankali.

Misalin da na fi so mu tsaya a kai shi ne na Yaman. Alhazanmu sun san zumar da ake kira sidir a shagunan Makka da Madina, sun san kuma tsadarta. Wadda ta fi suna daga Wadi Do'an take zuwa, a yankin Hadaramaut. Jama'a, wannan itacen sidir ba wani baƙo ba ne, kurna ce, ita dai wadda yaranmu ke jifa a bayan gari. Ƙasar Yaman ta fi tamu bushewa nesa ba kusa ba. Abin da masu zumarta suka fi mu shi ne sun san ranar da kurna ke buɗe fure a kowane kwari, wajen Oktoba da Nuwamba, sai su loda amyoyi a mota da dare su kai can, su yi zango da su har furen ya ƙare, su sha zumar ita kaɗai ba tare da ta gauraya da wata ba, sannan su wuce wajen itatuwan ƙaya da ke fure a wani lokacin. Ƙaura ta ba su abu biyu: ta ciyar da ƙudan, ta kuma ba zumar suna. Mu kuwa duk zumarmu suna ɗaya take ci a kasuwa, ta kurna da ta ɗorawa da ta darbejiya duk a jarka guda, farashi guda. Yaƙin da aka daɗe ana yi a Yaman ya gurgunta wannan sana'a ta hanyar toshe hanyoyi da binne nakiyoyi, kuma wannan ciwo ne da mu ma muka san irinsa.

Maƙwabtanmu na Kamaru ma suna da nasu salon. A Oku, cikin tsaunukan arewa maso yamma, ana kai amyoyin gargajiya filayen ciyawa na ƙasa inda ƙuda ke saurin shiga, in ya shiga ya zauna sai a ɗauke su a kai a hau da su dajin Kilum-Ijim, inda wasu itatuwan tsauni ke ba da farar zuma. A 2013 aka yi wa wannan zuma rajistar sunan yankinta. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce ƙaura sai mai akwatin zamani da mota.

Yanzu ga yadda ake yi, kuma a nan nake roƙon ku saurara da kyau, domin ƙaurar da aka yi da ganganci ta fi yunwa saurin kashe zuma.

Ƙudan kiwo ya haddace wurin ƙofarsa. In ka gusa amya taku talatin, zai dawo tsohon wurin ya yi ta shawagi har ya mutu ko ya faɗa amyar maƙwabta. Shi ya sa masu sana'ar suka ce ko dai ka gusa ƙasa da mita ɗaya a rana, ko ka kai ta nesa da kilomita biyar, inda ba zai ci karo da hanyoyin da ya sani ba. In wurin da kake so tsaka-tsaki ne, sai ka fara kai ta nesa ta yi kamar mako uku, sannan ka dawo da ita inda kake nufi.

Lokacin tafiya dare ne, bayan duk 'yan kiwo sun koma gida, ko kuma da asuba kafin su fita. Babban makashi a hanya shi ne zafi. Ƙuda in ya ji an rufe shi ana girgiza shi yakan tayar da hankali, jikinsa ya ƙara zafi, saƙa ta yi laushi ta rufto, zuma ta malale ta shaƙe su gaba ɗaya. Saboda haka kada a toshe ƙofa da tsumma ko laka. A sa raga mai ƙananan idanu wadda iska ke ratsawa, in da hali a sa wata ragar a sama a maimakon murfi, a riƙa yayyafa ɗan ruwa. Kafin ranar tafiya a rage saƙar da ta cika da zuma, domin ita ce mai nauyi mai saurin karyewa, amma a bar musu guzuri. A ɗaure akwati tamau, gindi da jiki da murfi, kada wani sashe ya zame. A shimfiɗa ciyawa ko tsohuwar katifa a ƙasan mota. A jera amya yadda girgiza za ta bugi saƙa ta gefenta ba ta fuskarta ba: a kan kwalta birki ne ke jefa kaya gaba da baya, a hanyar ƙauye mai ramuka kuwa mota hagu da dama take rangaji. Direba ya tafi a hankali, kuma kada ya tsaya shan shayi a tsakiyar gari da kaya irin wannan. Wanda zai yi rakiya ya sa rigar aiki, ya riƙe abin hayaƙi a kunne, da fitila mai jan haske wadda ba ta jan ƙuda.

Amyoyi ba ɗaya suke ba wajen jure tafiya. Akwatin Langstroth, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1851, yana riƙe saƙa cikin firam ta kowane gefe, shi ya sa ya fi dacewa da mota. Akwatin Kenya mai sanduna a sama, wanda ya fi yawa a hannun ƙungiyoyinmu saboda sauƙin kuɗinsa, saƙarsa a rataye take ta sama kawai, sabuwar saƙa kuwa ba ta son ko ɗan gargada. Irin wannan a jira saƙa ta tsufa ta yi ƙarfi, ko a yi tafiyar tun saƙar tana ƙanana. Amyar ciyawa ba ta da nauyi, ana iya naɗe ta a buhun da iska ke shiga a ɗauka a ka ko a kafaɗa, muddin ba a juya ta daga yadda take kwance ba.

Akwai lissafin da mutane ke mantawa. Daga ƙwai zuwa ƙuda kusan mako uku ne, sannan ya yi kusan wasu mako ukun yana aikin cikin gida kafin ya fara fita kiwo. Ke nan ƙudan da zai kwaso maka furen ɗorawa an saka ƙwansa ne mako shida kafin ɗorawa ta buɗe. In ka kai gidan da yunwa ta rame shi, zai ƙare kakar furen yana renon 'ya'ya, ranar da ya yi ƙarfi fure ya zube. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ciyar da su ruwan sukari lokacin marka, ko a fara kai su inda akwai garin fure, domin su isa babbar kaka da yawansu.

Sabon wuri kuma sai an je an gani da ido da rana tun kafin a ɗauko kaya. A duba inuwa. A duba ruwa, in babu a ajiye kasko a zuba tsakuwa ko karare a ciki don kada su nutse. In ba ka ba su ruwa ba, rijiyar gari za su tafi, rigima da mata masu ɗiban ruwa kuwa ita za ta kore ka. A share ciyawa kewaye saboda gobara, a shafa baƙin mai a ƙafafun abin ɗora amya saboda cinnaka. A ƙirga amyoyin da suka riga ka, domin fure ɗari ba ya ciyar da baki dubu. In an sauke kaya a bar su su natsu kaɗan, a buɗe ƙofa kafin rana ta ɗaga, a ɗan zuba ciyawa a bakin ƙofar don su lura cewa wuri ya sauya.

Abin da ya fi duk wannan shi ne mutane. Ƙudanmu mai zafi ne, ya fi zafi kwanakin farko bayan ƙaura. Kada amya ta kusanci gida, makaranta, turbar mutane, ko burtali. Dabbar da aka ɗaure ba ta iya gudu, ta haka ake asarar jaki ko sa. A je a gai da mai unguwa ko dagaci, a nemi izinin mai gona, a sanar da makiyayan da ke kusa, a kuma yi musu alkawarin kwalbar zuma a cika. Wanda ya shigo da sallama, mutanen gari su ne masu gadinsa daga ɓarayi. A yankunan da tafiyar dare ta zama haɗari saboda 'yan bindiga, ina faɗa da babbar murya, babu zumar da ta kai ran mutum. A nemi wuri kusa, a tafi da asuba, a sanar da jami'an tsaro da 'yan sintiri.

Zan ɗan taɓo manoma, domin ribar nan ba ta mai amya kaɗai ba ce. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka buga a 2017 ya gano cewa in aka hana ƙudan zuma da danginsa isa ga fure, amfanin auduga yana raguwa da kashi 37 cikin ɗari, na riɗi da kashi 59. Mai kankana a Kadawa, da mai noman irin albasa a Aliero ko Galmi, da matan da ke tsintar ƙwarar kaɗanya, duk suna cin moriyar ƙuda ko sun sani ko ba su sani ba. A Kalifoniya, wadda ke noma kusan kashi 80 cikin ɗari na almon ɗin duniya, manoma biya suke yi a kawo musu amyoyi. Duk watan Fabrairu ana jigilar amyoyi wajen miliyan biyu a manyan motoci daga sassan Amurka. Ba na fatan mu kwaikwayi wannan dukkansa, domin tara ƙuda mai yawa haka a kan fure iri ɗaya yana gajiyar da shi, yana kuma yaɗa cuta daga amya zuwa amya. Abin ɗauka a ciki shi ne manomi da mai zuma su zauna su yi magana. Kuma maganar farko ita ce maganin feshi. Filin noman rani yana da ruwa da fure a lokacin da daji ya bushe, amma feshi ɗaya da rana tsaka a kan fure yana iya share 'yan kiwon amya goma. A yi yarjejeniya: a sanar da kai kwana ɗaya ko biyu kafin feshi, a yi shi da yamma lis bayan ƙuda ya koma, a guji yin sa lokacin da fure ke buɗe. Inda ba a sami wannan yarda ba, kada a kai amya.

Ba kowa nake ce wa ya yi ƙaura ba. Wanda Allah Ya ba wurin da itatuwa iri-iri ke karɓa-karɓar fure, ga ruwa kusa, ya zauna inda yake. Mai amya uku ba zai iya kuɗin mota shi kaɗai ba, sai dai mutum biyar ko goma su haɗa kai su ɗauki mota ɗaya da mai gadi ɗaya. Gida mai rauni ko mai cuta ba a tafiya da shi. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya ishi yawancinmu. Kuma ƙaura tana da amfani ne muddin akwai inda za a je. Kowace motar gawayi da ta fito daga dajin kaɗanya ta rage mana wurin zuwa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna cewa ana iya juya wannan: tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa sassabe, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa.

Roƙona gare ku shi ne kowace ƙungiyar masu zuma da ke nan ta sayi littafin rubutu guda tun wannan mako. A naɗa mutum ɗaya a kowane ƙauye, ko da ajami yake rubutu, ya riƙa rubuta ranar da kowace bishiya da kowace shuka ta fara fure, ranar da ta daina, da ko ƙuda na zuwa mata. A tambayi dattawan sarakunan zuma, domin da yawa daga wannan ilimi yana kansu kuma ba a rubuta shi ba. Malaman gona su tattara littattafan nan a ƙarshen shekara su haɗa na ƙauyuka wuri ɗaya. Iyayen ƙasa kuma muna roƙonku ku ware wa masu zuma wuraren sauka a dazuzzukan da ke hannunku, ku tsawatar a kan saran ɗorawa da kaɗanya da gawo da kurna.

 Allah Ya sa albarka a sana'armu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.